Gasar karnukan nuna tsuntsu: gudu, ƙamewa, da salwar dajin da ke ƙarewa

Karen da Turawa ke kira poyinta, da ɗan'uwansa seta mai dogon gashi, ba don su kama tsuntsu ake kiwonsu ba, aikinsu shi ne su yi ta zabga gudu a daji hanci a sama suna shan iska har sai warin tsuntsun da ya laɓe a ciyawa ya bugi hancinsu, to daga nan sai su ƙame wuri ɗaya, kai a miƙe wajen da warin ke fitowa, ba motsi ba haushi, har mai karen ya ƙaraso ya tayar da tsuntsun da ƙafarsa ya harba. Mu da muka saba ganin karen farauta ya bi zomo ko gafiya a guje ya cafke abin zai zo mana a juye, don a irin wannan farautar karen da ya kori tsuntsu ko ya kama shi ya ɓata aiki kenan, in a gasa ne ma nan take alƙali zai ce a ɗauke shi. A kan wannan ƙamewar aka gina gasar da yau ta haura shekara 150, mutane na zuba mata dukiya da rayuwarsu gaba ɗaya, kuma ni a ganina wanda ya fi kowa koyar da karen a cikinta ba mai horarwa ba ne, tsuntsun daji ne, shi kuma tsuntsun yana ƙarewa.

Ita tsayuwar ba mutum ne ya ƙirƙiro ta daga babu ba. Dabbar da ke farauta takan ɗan dakata kafin ta daka tsalle kan abin da take hari, daƙiƙa ɗaya ko biyu ta daidaita kanta, to masu kiwon karnuka a Sifen da Faransa da Ingila suka yi ta zaɓen waɗanda dakatawarsu ta fi tsawo suna haɗa su barbara, zuriya bayan zuriya, har aka kai ga ɗan kwikwiyo ɗan wata biyu zai ga fiffike a ƙasa ya ƙame ba wanda ya koya masa. Kafin bindigar harbin tsuntsu a sama ta yaɗu da raga ake kamun, kare ya kwanta a gaban tsuntsayen a jawo raga a lulluɓe su, wani lokacin har da shi, da bindiga ta zo kuma sai aka fi son wanda zai tsaya a kan ƙafafunsa a hango shi daga nesa. Amma fa tsallen nan da aka jinkirta bai mutu ba, yana nan a jinin karen, duk sanda ya ƙame za ka ga jikinsa na ɓari, so yake ya afka. Duk wahalar horo da duk rigimar alƙalanci daga nan suka samo tushe.

A 1859 aka yi baje kolin karnuka a Newcastle ta Ingila, poyinta da seta ne kawai a ciki, ana duba kyan jiki da tsayi da gashi, sai maharba suka ce ai kyan kare ba ya nuna hancinsa, sai an gwada akan san na ƙwarai, shi ya sa a 1865 aka yi gwajin farko a fili a Southill da ke yankin Bedfordshire. Amurkawa suka ɗauka, ranar 8 ga Oktoba 1874 suka yi nasu kusa da Memphis a jihar Tenesi, wani baƙin seta mai suna Knight ya ci. A 1896 aka fara babbar gasar ƙasa a West Point ta jihar Misisipi inda seta Count Gladstone IV ya lashe, daga 1915 kuma ta zauna a gonar Ames da ke Grand Junction a Tenesi, fili mai eka 18,400 na wani attajiri Hobart Ames wanda shi kansa ya daɗe yana alƙalancinta, ta yi fiye da shekara ɗari a can. Da farko maki ake ba wa kowane abu, hanci kaza gudu kaza, daga baya aka koma kare ya kara da kare wanda ya faɗi ya fita, a ƙarshe aka tsaya kan tsarin yanzu inda alƙalai ke kallon kowa su riƙe a ransu da ɗan littafinsu, ranar ƙarshe su faɗi gwani ba tare da wani lissafin maki ba.

Ga yadda abin ke gudana. Ana jefa ƙuri'a a haɗa karnuka bibbiyu, a kawo su bakin fili a sake su tare, kowanne da mai sarrafa shi a kan doki a gaba, alƙalai a bayansu, sannan 'yan kallo su ma a kan dawakai a can baya, yawanci irin dokin nan na Tenesi mai tafiyar sauri ba tare da girgiza mahayi ba don wuni za a yi a sirdi. Akwai hanyar da aka shata da ayarin zai bi, shi kare aikinsa ya kasance a gaba ko a gefe yana binciken duk inda hankali zai ce tsuntsu na nan, gefen gonar dawa, bakin kurmi, shingen ƙaya, kwarin da ciyawa ta yi duhu, mai shi kuma yana ta rera wani dogon kira ba don ya ba shi umarni ba sai don karen ya san inda ayarin ya nufa ko da bai gan su ba. In aka hango ya ƙame sai mai shi ya ɗaga hula sama, a sukwano, ya sauka daga doki ya shiga gaban karen yana shurin ciyawa, gungun salwa goma ko sha biyar su tashi lokaci ɗaya da wata irin ƙara, ya harba bindigar da babu dalma a harsashinta sai ƙara kawai, a yawancin manyan gasannin nan ba a kashe tsuntsun. Duk wannan bidirin karen bai isa ya ɗaga ƙafa ba, tsuntsaye na tashi a kan hancinsa, bindiga na tashi, shi yana nan yadda aka same shi kai a sama jela a tsaye, sai mai shi ya zo ya kama abin wuyansa ya ja shi gefe a ba shi ruwa a sake sakinsa.

Laifuffukan da ke fitar da kare sanannu ne. In ya matsa kusa har tsuntsaye suka tashi saboda shi kuma ya bi su, ya fita. In ya tarar da abokin karawarsa a ƙame dole shi ma ya tsaya daga inda ya hango shi, ko da bai ji warin komai ba, ya mara masa baya, in ya wuce shi ya shiga gaba ya ƙwace masa tsuntsu to ya fita. Akwai kuma tsayuwar wofi, kare ya ƙame a zo a bubbuga ciyawa ba komai, ko tsuntsayen sun sulale da ƙafa ko sun riga sun tashi sun bar wari, ɗaya ana iya yafewa, in ta yawaita ba mai ba shi kambu. Wuri mafi daɗin kallo a wurina shi ne sanda aka buga ba a ga komai ba mai shi ya taɓa kansa ya ce ya ci gaba, karen ya taka a hankali yana bin warin da ke gudu a ƙasa, ya sake ƙamewa can gaba daidai inda tsuntsayen suka tsaya, bai yi nisa da su ba har su sake sulalewa bai kuma matsa ba har su tashi. Wannan tazarar ba igiyar da ke koyar da ita.

To ga inda abin ya cukurkuɗe. Alƙalai ba karen da ya fi yawan tsuntsu kaɗai suke nema ba, kare mai tsayuwa uku na iya doke mai shida in shi ne ya fi cin fili da ƙarfi da tsari. A rukunin manya da suke kira na kowane shekaru ana son kare ya yi nisan zango sosai, ya zama ɗan ɗigon fari a can ƙarshen gona, wani lokacin ya ɓace minti biyar ko goma sannan ya ɓullo a gaba, shi ya sa kowane mai kare ke da ɗan leƙe a kan doki wanda ke zagayawa gefe da baya ya duba ko karen na can a ƙame a cikin duhuwa, kuma in aka same shi haka, ya daɗe a tsaye shi kaɗai ba wanda ke kallonsa tsuntsayen na nan a gabansa, wannan ita ce tsayuwar da ta fi kowacce daraja. Rukunin karen maharbi kuma zangonsa ya fi gajarta ana son a fi ganinsa, akwai na matasa 'yan ƙasa da shekara biyu da ake yi wa sassauci a ladabi ana duba abin da za su zama gaba. Kenan ana son dabba mai zuciya da taurin kai har ta iya barin mutum nisan rabin mil tana yanke wa kanta shawara, sannan ita ɗin dai ta danne babban abin da ranta ke so don mutumin da ba ta ma gani. Ƙa'idar da masu gasar Ames ke bi ma abin da take nufi kenan, kare ne zai nemi tsuntsu ba mai kare ne zai wuni yana neman kare ba. Yanzu ana rataya musu na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam irin ta Garmin don kar su ɓata, amma da zarar mai kare ya nemi a ba shi allon ya duba to ya sallama kenan, karensa ya fita daga lissafi.

Gasa ta yau da kullum minti talatin ce, ta kambu awa ɗaya, ita kuwa ta ƙasa awa uku cur ake yi a watan Fabrairu cikin sanyi da laka wani lokacin har ƙanƙara mai yanka tafin ƙafa, zubi ɗaya da safe ɗaya da yamma, kusan mako biyu ana yi, kuma kare ba ya shiga sai ya zo na ɗaya sau biyu a gasannin share fage da aka amince da su. Awa ta uku ita ke tona asiri, karen da ya fara kamar iska sai ka ga ya dawo yana bin hanyar dawakai harshe a waje, kuma kare in yana haki sosai hancinsa na raguwa, nan kurakurai ke zuwa. Shi ya sa watanni kafin nan ake ɗaura musu kayan ja a ƙirji su riƙa jan igiya a gaban doki ko babur mai ƙafa huɗu don ƙarfin ƙugu da numfashi.

Maganar horo kuwa, mun saba cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ƙwararrun masu wannan sana'a da yawa shekarar farko kusan sakin ɗan kwikwiyon suke yi, ya yi ta yawo yana korar tsuntsaye yana jin daɗi, don abin da ake ginawa a lokacin shi ne kwaɗayin tsuntsu, in babu shi ba abin da za a tanƙwara. Ƙarar bindiga ma a cikin wannan murnar ake shigo da ita, daga nesa, sanda yake tsakiyar bin tsuntsu, yadda zai haɗa ƙarar da abin da ya fi so, wanda aka harba wa bindiga a kunne yana zaune kuwa yana iya tsoronta har ya mutu. Daga baya ake shiga aikin tsakar gida, kalma ɗaya da ke nufin tsaya kar ka motsa, a ɗora shi kan ganga ko benci ko a ɗaure doguwar igiya a jikin turke ya ji ta ja ƙugunsa, duk nesa da tsuntsu ake fara yi don kar ya haɗa zafin gyara da warin tsuntsu. Sai a kawo tattabaru, don suna da arha suna da tashi mai ƙarfi kuma suna komawa ɗakinsu a sake amfani da su gobe, a sa ɗaya a wani akwati mai cilla tsuntsu sama in an danna rimot, a kawo karen ta gefen iska a kan igiya, in ya ji wari ya tsaya a bar shi ya sha, in ya ƙara taku ɗaya a cilla tattabarar ta tafi ya rasa. Delmar Smith na Oklahoma ya yi suna a kan irin wannan aikin igiya mai natsuwa ba ihu, 'ya'yan gidansu na koyarwa har yau, akwai kuma masu bin hanyar Bill West da kusan ba sa yi wa kare magana sam, sai su bar tsuntsu ya yi bayanin.

Kwalar lantarki, wato abin wuyan da ke jan kare da wuta in an danna rimot, ita ce abin da aka fi jayayya a kai. A Amurka kusan kowa na amfani da ita a horo, a gasa dai an hana, a Wales kuwa tun 2010 doka ta haramta ta gaba ɗaya. Ni abin da ke damuna ba na'urar ba ce kawai, gaggawar da take ba mutum dama ya yi ne. Karen da aka matsa wa a gaban tsuntsu yana nunawa, jelarsa ta sauko, idonsa ya bar wajen warin ya koma kan mai shi, ko jelar ta riƙa kaɗawa, mafi muni kuma ya fara yin kamar bai ji ba, ya ji warin sarai ya kauce ya wuce don ya gane cewa tsuntsu na nufin azaba. Karen da ya kai nan gyaransa na da matuƙar wuya, kuma abin tausayi ne ƙwarai ka ga dabbar da aka haifa don abu ɗaya an sa ta tsoron abin.

Duk wannan da na lissafo ladabi yake koyarwa, wato abin da kare zai yi bayan ya sami tsuntsu. Yadda zai same shi, da tazarar da zai tsaya, wannan tsuntsun daji ne malaminsa, don shi ba ya yafiya, ka matsa taku ɗaya fiye da kima ya tashi, ka yi hayaniya ya tashi, kuma ba a taɓa kama shi, bayan an yi wa kare haka sau da yawa shi da kansa zai gane cewa hanyar da za ta sa tsuntsun ya zauna ita ce ya tsaya tun daga nesa. Shi ya sa tun fiye da shekara ɗari masu horarwa na jihohin kudancin ƙasar Amurka ke kwashe karnuka da dawakai duk bazararsu su tafi filayen ciyawa na Manitoba da Saskatchewan a Kanada da jihohin Dakota, daga Yuli zuwa Satumba, inda ba itace ba shinge kana ganin kare tun daga nisan mil. A Yuli 'ya'yan kajin dajin can ƙanana ne suna lafewa su ba ɗan kare dama ya yi kuskure, kafin Satumba sun girma sun yi wayo suna tashi tun daga nesa, kenan darasin na ƙara tsauri daidai yadda ɗalibin ke girma, ba wani akwatin rimot da zai tsara maka haka.

Matsalar ita ce salwar da aka gina gasar Amurka a kanta, wadda suke kira bobwhite, ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun daga 1966 bisa ƙidayar tsuntsaye da ake yi duk shekara a can. Ba harbi ne babban dalili ba, muhalli ne. Tsuntsun ƙananan gonaki ne masu shinge da saura da ciyayi barkatai, 'ya'yansa in an ƙyanƙyashe ba su wuce babban yatsa ba, suna buƙatar ƙasa a buɗe a ƙarƙashin ganye da za su iya takawa da ƙwari da za su ci. Sai gonaki suka haɗe suka zama manya aka share shingaye, maganin feshi ya kashe ciyayi da ƙwari, makiyaya aka shuke ta da ciyawar feskiyu mai cunkushewa kamar tabarma, tsofaffin gonaki aka mayar da su dajin itacen fayin na katako mai duhu, sannan aka hana ƙona daji. Tun a 1931 Herbert Stoddard ya fitar da sakamakon bincikensa a yankin Red Hills tsakanin Thomasville ta Jojiya da Tallahassee ta Fulorida yana nuna cewa wutar da aka cinna bisa tsari ita ke raya wannan tsuntsu, hukumomin daji na lokacin ba su so jin haka ba, a 1958 aka kafa cibiyar bincike ta Tall Timbers a kan wannan aikin, kuma har yau yankin na cikin 'yan wuraren da salwar daji ke da yawa, don masu filayen na ƙonawa kusan duk shekara biyu.

Inda babu na daji sai a koma na keji. Yawancin ƙananan gasanni yanzu da safe ake ɗaukar salwar kiwo a dasa ta a wurare a kan hanyar, wasu manyan filayen kuma, har da Ames, sukan saki nasu tun da kaka su riƙa watsa musu hatsi don su ɗan koyi zaman daji kafin gasar. Tsuntsun keji kuwa bai san shaho ba balle kare, yana bari a zo har kansa, wani ba ya son tashi sai an shure shi, in ya jiƙe ma ba ya iyawa, wani ya fito fili yana tafiya a gaban karen da ke ƙame. To me aka auna a nan? An auna ladabi, ƙwarai kuwa, amma hancin da ke kamo wari daga nesa da dabarar karanta daji ba su sami wurin nuna kansu ba, karen mai wayo ma sai ya koyi bin sawun doki ko babur ɗin da ya dasa tsuntsayen. Kuma tun da karen da ya ci kambu shi kowa ke kai wa karyarsa barbara, abin da alƙalai suka saka wa a yau shi ne zai cika jinin karnukan maharba nan da shekara goma. Saboda haka gasa irin Continental, da ake yi tun 1937 a gonar da aka sani da Dixie a arewacin Fulorida wadda yanzu ke hannun Tall Timbers, take da wata ƙima ta daban a idon masu abin, don salwar daji zalla ce a can.

Maharba masu tafiya da ƙafa da yawa na cewa su wannan kare na masu dawakai ba shi da amfani a wurinsu, mutum na tafe da ƙafa a ɗan fili mai eka ɗari me zai yi da karen da ya tsallaka gonar maƙwabci. Ƙorafin na da gaskiya a ciki, shi ya haifar da gasannin tafiya da ƙafa, da na ƙungiyar NSTRA inda ake harbin tsuntsun da gaske kare ya ɗauko kuma a rubuta maki a takarda cikin minti talatin, da gwajin ƙungiyar NAVHDA da aka kafa a 1969 don karnuka masu aiki da yawa irin ɗan Jamus mai gajeren gashi, inda ba a kara kare da kare sai dai a auna kowanne da ma'auni a tudu da ruwa, ga kuma gasar cikin kurmi a Michigan da Pennsylvania inda ake rataya wa kare ƙararrawa a bi shi da kunne, in ta yi shiru an san ya ƙame, kuma su tsuntsun daji kawai suke nema. Amma masu dawakan ma na da hujjar da na yarda da ita, suna cewa zafin nema yana raguwa ne daga zuriya zuwa zuriya in ba a riƙa komawa ga mafi zafi ba, kuma rage wa kare zango ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙara wa malalaci. Inda na rabu da su shi ne sanda gudun ya zama shi ne abin bauta, kare ya bi gefen gona a miƙe kamar an harba shi ya wuce wurare goma masu kyau bai leƙa ba a yi ta tafa masa.

A Turai ma'aunin ya bambanta. A tsaunukan Sikotilan da arewacin Ingila a Yuli da Agusta ana son kare ya riƙa kai-komo dama da hagu a gaban mai shi yana fuskantar iska bai bar ko'ina ba, in tsuntsu ya tashi kuma ya kwanta, a Italiya da Faransa akwai babban nema mai tsananin gudu a kan makwarwar daji, su ma da tasu ta yi ƙaranci sai suka riƙa kwasar karnuka zuwa Sabiya da Folan da kudancin Sifen. Can jela a miƙe daidai da gadon baya ake so, a Amurka kuwa a tsaye cak tana kallon sama, kuma wannan jelar ba ta ƙara wa kare ko tsuntsu ɗaya, ado ne da ido ya saba da shi har ya zama sharaɗin cin gasa.

Shi alƙalanci ba maki dole ya jawo magana, wani kare ya faɗo zubin safe mai raɓa da iska mai daɗi wani ya faɗo rana tsaka tsuntsaye sun shige duhuwa, kuma alƙalan da masu karnukan duk 'yan gida ɗaya ne sun san juna. Duk da haka tarihin gasar ƙasa ya nuna abin na tafiya da jini fiye da son rai. Shekarun farko seta ne ke ci, sai a 1909 poyinta na farko Manitoba Rap ya karya musu lago, Mary Montrose ta ci sau uku a 1917 da 1919 da 1920, daga nan poyinta suka mamaye don sun fi saurin balaga a aiki kuma gajeren gashinsu ya fi jure zafi da ƙarangiya, mai horar da karen wasu don kuɗi kuwa wanda zai nuna sakamako da wuri yake so. Bayan Johnny Crockett a 1970 sai da aka shekara 43 ba seta ko ɗaya, har Shadow Oak Bo ya ci a 2013 ya kuma maimaita a 2014. Wanda ya sarrafa shi, Robin Gates, ɗan gidan masu horarwa ne na Leesburg a kudancin Jojiya inda har yanzu ake samun salwar daji, mahaifinsa da yayansa duk sun ci wannan kambun kafin shi, kuma sun daɗe suna yin sansaninsu na bazara a Broomhill ta Manitoba.